Amarya Mai Akwati Biyu

Akwai wani dattijo a unguwar Mahjar da ke kudancin Jidda, sunansa Othman. A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taho aikin Hajji daga ƙasar Hausa a ƙafa, bai koma ba. Sana'ar Othman tuƙin motar ma'aikata, ya kwashe su da safe zuwa Madinar Masana'antu, ya dawo da su da yamma. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ko taka shi ka yi, shi zai riga ka ba da haƙuri.

'Yarsa guda ɗaya ce, Jawahir. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara goma sha biyu, shi ya ƙarasa rainonta. Tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki rabi Hausa ne rabi Larabci, kamar yawancin yaran da aka haifa a can.

Tana da shekara ashirin wani saurayi mai suna Hassane ya fito neman aurenta. Ɗan Maraɗi ne, yana aiki a wani sito a unguwar Khumra. Shekararsa goma a Jidda tare da mahaifiyarsa Hajiya Fatu, mai sayar da turare da atamfa, da ƙanwarsa Ikilima. Jawahir na son sa, shi ma yana son ta. Othman ya karɓi sadaki kaɗan, ya ce shi albarka yake nema wa 'yarsa.

To, ku lura da kyau, don a nan aka tafka kuskuren.

A al'adar Jidda da su Othman suka tashi a cikinta, ango ne yake kama gida ya zuba komai, tun daga gado har cokali. Amarya ta zo da tufafinta kawai. A Maraɗi kuwa iyayen amarya ne suke yin jere, su cika ɗaki da gado da kujeru da kwanuka, sannan su biyo da gara. Kowane ɓangare ya ɗauka ai dukkanmu Hausawa ne, ba sai an faɗa ba. Da uwar Jawahir na raye, da hira guda tsakanin mata biyu ta warware zancen.

Mutum ɗaya ne ya san al'adun biyu, Hassane. Ya ji nauyin gaya wa surukinsa, ya ji tsoron gaya wa uwarsa, sai ya ja bakinsa ya yi gum. Ya kama ɗaki biyu a saman bene, a ginin da Hajiya take, ya saka katifa da na'urar sanyaya ɗaki, ya ce wa kansa sauran abin zai daidaita da kansa.

Washegarin kai amarya, da la'asar, Hajiya Fatu ta hau bene da ƙawayenta 'yan kasuwa sun fi goma, an sha ado, an zo ganin ɗaki. Ta riga ta cika musu baki cewa ɗanta 'yar ƙasa ya auro, haifaffiyar Jidda, za su ga jeren da ba su taɓa gani ba.

Aka buɗe ƙofa. Katifa a ƙasa, akwati biyu a jikin bango, amarya zaune a lulluɓe.

Can wata ta ce, "Hajiya, ko kamiyon kayan bai iso ba?" Wata ta toshe baki da mayafi, dariya ta kufce mata.

Hajiya ta juyo. "Ke ɗiya, ina kayanki?"

Jawahir ta nuna akwatunan cikin ladabi, ta kira ta Khala, wato inna da Larabci. "Ga su nan, Khala."

Wallahi yarinyar nan ba ta san ta yi laifi ba. Tana murmushi ta faɗa. Wannan murmushin ne Hajiya ba ta taɓa yafe mata ba.

Daga ranar aka raɗa mata suna, Mai Akwati Biyu. Da shi Hajiya ke kiran ta, da shi Ikilima ke kiran ta, har matan ginin da ba su san mafarin abin ba suka ɗauka.

Da yake babu tukunya a ɗakinta, dole ta sauka ta yi girki a wurin Hajiya. In ta ɗauki tukunya, Hajiya ta ce, "Aje. Ubanki ya saya?" In ta tsaya ba ta ɗauka ba, a ce ga ta nan ba kaya ba aiki. In baƙi suka zo, Ikilima ta ce su hau sama su sha iska, akwai fili, har ƙwallo ana iya bugawa.

Wata maƙwabciyarsu 'yar Chadi, Mastura, wadda ƙofarta ke kallon ta Jawahir, ita ce ta ga abin ya yi yawa. Ta ara mata tukunya ɗaya da ƙaramin murhun gas, ta ce, "Ki riƙa dafa ko shayi a ɗakinki, ƙanwata. Kada ki yi saurin dawo da su."

Da Jawahir ta rage sauka, Hajiya ta koma waya. Ba ta iya rubutu ba, don haka saƙon murya take turawa, safe da rana da yamma. Wani na zagin Jawahir, wani na zagin ubanta, wani har da uwarta da ke kabari. Jawahir takan saurara sau ɗaya, ta kife wayar, ta yi kuka.

Hassane fa? In ya dawo daga Khumra ta gaya masa, sai ya ce, "Ki yi haƙuri, halin Hajiya ne. Zan yi mata magana." Bai taɓa yi ba. Namiji ne har namiji a wurin ɗaukar kaya a sito, amma in ya ji takun uwarsa a matakala sai ya tuna yana da alwala da zai sabunta.

A wata na huɗu Jawahir ta kasa jurewa. Ta tafi Mahjar, ta tarar da mahaifinta ya dawo aiki yana cire takalmi. Ta durƙusa ta faɗa masa komai.

"Abuya, kar ka mayar da ni. Wallahi na gaji. Ka bar ni a nan ko wata ɗaya."

Othman ya ajiye takalmin. Abin ya soke shi, don sai a ranar ya gane cewa rashin saninsa ne ake dukan 'yarsa da shi. Amma shi ma ɗan zamaninsa ne, yana ganin abin kunya ne amarya ta kwana a gidan ubanta ba a yi shekara ba.

"Ya binti, aure haƙuri ne. Laifina ne, ni zan gyara. Kayan suke so? Zan kawo. Yalla, tashi in mayar da ke kafin magariba."

Ya mayar da ita da hannunsa. Tana kuka a motar, yana tuƙi yana kallon gabansa.

Ranar Juma'a ya tafi Haraj, kasuwar kayan da aka taɓa amfani da su. A wurinsa wannan ba abin kunya ba ne, rabin gidajen Mahjar daga can aka cika su. Ya zaga cikin rana har ya samu gado mai kyau da kujeru da kabad. Ya wanke, ya goge, ya ɗaure ƙafar kujera guda da ke rawa. Ya ɗauko mota ya kawo, fuskarsa cike da fara'a, yana ganin yau matsala ta ƙare.

Hajiya ta fito ta tsaya a bakin ƙofar ginin. Ta zagaya kayan, ta shinshina kujera.

"Malam, wanga daga ina?"

"Daga Haraj, Hajiya. Amma masu kyau ne, itacen..."

"Haraj! Kayan da matattu suka bari za ka jera ma ɗana? Mi ka ɗauke mu? Kwashe tsiyarka ka tahi da ita."

A gaban mai gadin ginin, a gaban masu wucewa. Dattijo mai furfura ya tsaya da igiyar ɗaure kaya a hannu, yana ba da haƙuri da Larabci, "Ma'alesh, Hajiya, ma'alesh." Ya sake ɗora kayan shi da direba, suka juya.

Jawahir na kallo ta taga. Duk zagin da aka yi mata bai karya ta ba kamar wannan. Tun daga ranar ta daina kai ƙara wurin kowa, don ta ga abin da ƙararta ta jawo wa mahaifinta.

Ta rame, ta daina cin abinci sosai, ta daina ɗaga waya. In Othman ya kira sai ta ce, "Alhamdulillah, Abuya, komai lafiya." Shi kuma ya ji daɗi, ya ce haƙuri ya yi rana.

A wata na bakwai, ran nan tana shara a falon Hajiya, aka sake ɗauko zancen Haraj ana dariya. Ta ajiye tsintsiya ta ce a hankali, "Khala, wallahi mutuwa ta fi mini wannan zaman."

Jama'a, duk mai imani in ya ji wannan magana daga bakin yarinya, jikinsa zai yi sanyi. Hajiya Fatu kuwa gyara zama ta yi.

"To wa ya riƙe ki? Ki mutu mana, mu huta, in auro ma ɗana ɗiyar mutane."

Ikilima ta ce, "Ba za ta iya ba, Hajiya. Ko wannan sai an kawo mata daga Haraj."

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Sai suka mayar da shi abin wasa. Kwana shida a jere, kullum da safe saƙo zai shigo wayar Jawahir. "Mai Akwati Biyu, har yanzu kina nan? Ai na ɗauka kin cika alkawari." Ikilima ma ta riƙa turo nata.

Jawahir ta kunna wa Hassane guda ɗaya. Ya saurara, ya yi tsaki, ya ce, "Ke ma me ya sa kika faɗi haka? Share kawai." Ya ɗauki abincinsa ya tafi aiki.

A kwana na bakwai da hantsi, Jawahir ta ƙwanƙwasa ƙofar Mastura. Tana riƙe da tukunyar nan, an wanke ta fes, da murhun gas ɗin.

"Yaya Mastura, ga kayanki. Na gode. In na taɓa yi miki wani abu ki yafe mini."

"Tafiya za ki yi?"

"A'a."

Ta koma ɗakinta ta kulle. Mastura ta tsaya da tukunya a hannu. Wanda ba tafiya zai yi ba, me ya kawo neman gafara da hantsi? Ta yi ƙoƙarin komawa kan aikinta, ta kasa. Ta fito ta buga ƙofar. Shiru. Ta kira sunanta. Shiru.

Ta san Hajiya na da makullin ɗakin, don da shi take shiga ba sallama. Ta sauka a guje.

"Hajiya, ba ni makulli, don Allah! Yarinyar nan ba ta amsawa!"

Hajiya na ƙulla turare a leda, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ƙyale ta. Wasan kwaikwayo take, so take a lallashe ta."

"Hajiya, rai ne fa!"

"Na ce ba ni badawa. Hita min daga ɗaki."

Mastura ta fita tana ihu, ta kira mai gadi, suka ɓalle ƙofar. Jawahir ta yi yunƙurin kashe kanta. Ba zan faɗi yadda ta yi ba, ba shi ne amfanin labarin ba. Sun same ta da sauran numfashi, motar asibiti ta zo ta ɗauke ta. Likita ya ce da an ƙara 'yan mintoci da sai dai gawa.

Othman na kan hanya da ma'aikata aka kira shi. Bai san yadda ya isa asibitin ba. Ya tarar da 'yarsa ba ta san inda kanta yake ba, likitoci sun ce sai dai addu'a. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, dattijo yana kuka kamar yaro.

Asibiti suka sanar da 'yan sanda. Mastura ta ba da shaida, mai gadi ya ba da tasa. Aka buɗe wayar Jawahir, ga saƙonni nan reras, da muryar kowa, da ranar da aka turo.

Da aka zo ɗaukar Hajiya, cewa ta yi ai kuskure ne. Ko a gaban mai bincike ba ta sauko ba. Aka samo tafinta, ta ce masa, "Ka hwaɗa mishi ni ban taɓa ta ba. Ko yatsa ban ɗora mata ba. Magana ce irin ta gida, kowace uwar miji na yi."

Mai binciken bai yi gardama da ita ba. Ya kunna saƙo na farko, ya kunna na biyu, har na shida. Hajiya ta ji muryarta tana fita a cikin ofishin hukuma, tafinta na juya kowace kalma zuwa Larabci, wani na rubutawa. Abin da ke ba su dariya a falo, a nan ba wanda ya yi ko murmushi.

Sannan ya ce, "Yarinya ta gaya miki tana son mutuwa. Kika ce ta mutu. Kika maimaita mata kwana shida. Da aka zo ceton ta kika hana makulli. Wanda ya ingiza mutum ya halaka kansa, ba sai ya taɓa shi da hannu muke kama shi ba. Ki yi addu'a ta tashi, don in ba ta tashi ba maganar ta fi haka nauyi."

A nan ne Hajiya ta daina gardama. Matar da ta kwana shida tana kiran mutuwar yarinya, ta koma tana roƙon Allah ya raya ta. Ni dai ban sani ba ko don yarinyar take roƙo ko don kanta.

A kwana na huɗu a asibiti Jawahir ta buɗe ido. Othman ya kama hannunta.

"Ya binti, me ya sa? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Muryarta da ƙyar take fita. "Na gaya maka, Abuya. Ka mayar da ni."

Ya kifa goshinsa a kan hannunta, ya daɗe a haka.

Da aka sallame ta, Mahjar ya wuce da ita. Ya rage aikin yamma don ya riƙa kai ta wurin likitar da ke duba damuwarta. Mastura na zuwa duk Juma'a ta zauna da ita. A hankali ta fara cin abinci, ta fara magana.

Shari'a ta yi watanni. A ƙarshe aka yanke wa Hajiya Fatu ɗauri, Ikilima ma ta samu nata wanda bai kai na uwar ba, kuma in sun gama za a soke iƙamarsu, wato takardar zama, a mayar da su gida. Kasuwancin shekara goma ya watse. Ƙawayen da aka tara ganin ɗaki, ko ɗaya ba ta leƙa kurkuku ba.

Hassane ba a ɗaure shi ba, don babu muryarsa a cikin saƙonnin. Dama shi bai taɓa cewa komai ba.

Bayan hukunci da mako guda, da safe, aka ji ƙarar babbar mota a ƙofar gidan Othman. Hassane ne ya sauko. Bayan motar cike da kaya sababbi dal, ko ledarsu ba a cire ba: gado, kujeru, kabad, firiji, har da tukwane a kwali.

Ya durƙusa a gaban Othman. "Baba, na yi laifi. Ga kaya na haɗa da kaina, na canza gida, babu mai sake ce mata komai. Ku ba ni matata."

Tsohon halin Othman ya motsa, har ya buɗe baki zai ce a yi haƙuri. Sai ya rufe. Ya juya ya kira 'yarsa.

"Jawahir, fito. Wannan karon ke za ki faɗa, ba ni ba."

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon motar. Sannan ta dubi mijinta.

"Hassane, kwana nawa ka yi kana haɗa waɗannan?"

Ya ɗauka yabo ne ke tafe, ya yi saurin amsawa. "Kwana biyu kacal, wallahi. Jiya da shekaranjiya."

"Kwana biyu." Ta gyaɗa kai, hawaye na zubo mata. "Wata bakwai ana yanka ni a kan gado da tukunya. An wulaƙanta ubana a titi. Na je bakin kabari na dawo. Ashe duk tsawon lokacin nan abin kwana biyu ne a wurinka."

"Jawahir, ki saurare ni..."

Ta juya wajen mahaifinta. "Abuya, ka ce masa halas, ya ƙare. Ya ba ni takardata."

Othman ya matsa ya tsaya tsakanin 'yarsa da ƙofa. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

"Ka ji abin da ta ce. Juya motarka."

Darasi: Kayan ɗaki da gara al'ada ce, ba sharaɗin aure ba, kuma babu gado ko kujera da ya kai ran 'yar mutane. Ku zauna ku yi magana a fili kafin biki, kada kowa ya ɗauka ɗaya ɓangaren ya sani. Uwar miji da dangin miji, ku sani harshe na kisa, kuma wanda ya ingiza wani ya halaka kansa zai amsa a gaban hukuma kafin ya amsa a gaban Allah. Miji, shirunka ma zalunci ne. Iyaye, in 'yarku ta zo tana kuka ta ce ta gaji, ku saurare ta kafin ku ce ta koma. Duk wanda kuka ji ya ce rayuwa ta ishe shi, kada ku ɗauka wasa ne, ku zauna da shi, ku kai shi wurin likita. Ke kuma da kike cikin irin wannan hali, ki faɗa, in ba a ji ba ki sake faɗa wa wani, ranki ya fi auren daraja. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wata Jawahir a gininku da ke jiran wanda zai buga mata ƙofa.